Ƙwarya da Ludayin da Aka Cire a Wasan Jinjiri

Daga: Hansatu Sammani,
Unguwar Gabas, Wagini,
Ƙaramar Hukumar Batsari.
17 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Bikin Gajerun Wasannin Kwaikwayo na Batsari da Safana.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CANZA ƘARSHEN WASAN "CIGIYAR ƊAN FARI" BAYAN RASUWAR MAI SHI

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ni ce mahaifiyar malamin firamaren garinmu da ya rubuta wasan da na ambata a sama. Allah ya yi masa rasuwa ranar 6 ga Yuli na bana, bayan gajeriyar jinya. Ɗan fari ne a wurina, don haka ba zan rubuta sunansa ba, yana nan cikin takardunku. Jinjiri nake ce masa, har ya yi gemu. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a yi haƙuri da rubutun.

Ba don raina aikinku na rubuto ba. Na halarci bikin a Safana ranar Asabar, 8 ga wannan wata, bisa gayyatarku. Wasan da Malama Mahfuza ta Zakka ta rubuta, na tsohon da ya sayar da jakinsa ya sayi babur amma bai daina yi masa tsawa a kan hanya ba, ya ba ni dariya, kuma ita ce dariyata ta farko tun da aka fita da gawar Jinjiri. Na 'yan Tsaskiya a kan rabon ruwan rijiya ma ya yi kyau, sai dai ya ɗan yi tsawo. Yaran nan sun iya rubutu, Allah ya ƙara musu basira.

Ba ni da takardar wasan Jinjiri, amma a tsakar gidana shi da 'yan wasan suka yi ta gwada shi, ina surfe ina ji, har ya zauna mini. Yaro ya tafi kiwo bai dawo ba. Gari ya fita nema ana ta kiran sunansa. Yana cikin kwazazzabo da karyayyar ƙafa, yana jin su, amma ya ƙi amsawa, don a zamanin nan mugu ma ya san sunan mutum. Uwarsa na cikin masu neman, bakinta a rufe, saboda ɗan fari ne. Can sai ta zauna a ƙasa, ta kife ƙwarya, ta riƙa ƙwanƙwasa ta da ludayi yadda take yi in ta dama masa fura. Nan yaron ya amsa. Nan wasan ya ƙare.

Ranka ya daɗe, ƙwaryar nan tawa ce. Da ita nake kiransa tun yana rarrafe. Ko da ya zama malami, yakan tsokane ni ya ce, "Inna, anya ba manta sunan kika yi ba?" Sai in ɗaga masa ludayi, ya gudu yana dariya.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. An cire ƙwarya da ludayi. Malam Yasir, wanda kwamiti ya ba shirya wasan, ya sa uwar ta yar da gyale ta yi birgima tana ƙwala sunan ɗanta. Saude, wadda ta fito a uwar, ta same ni daga baya idonta jawur, ta ce ta roƙe shi, ya ce mutanen birni ba za su gane ƙwanƙwasa ƙwarya ba, kuma wasa ba kuka ba ya cin gasa. To in kiran suna ne zai fito da yaron, ai gari duka ya kira tun farko. Me uwar ta zo da shi ke nan?

2. An canza sunan yaron wasan, an sa sunan marigayin na yanka, wai don karramawa. Ba wanda ya tambaye ni. A kujerar gaba aka zaunar da ni, wata mace sanye da zane irin nawa tana faɗin abin da ban taɓa faɗa ba, lasifika na maimaitawa har bakin kasuwa.

3. Da aka gama, mai gabatarwa ya miƙo mini makirufo, ya ce Hajiya ta faɗa wa jama'a sunan gwarzon ɗanta. Na sunkuyar da kai. Ya sake faɗa, ya ce ko kuka ne ya hana. Tsofaffin matan da ke bayana sun gane, ɗaya ta ja ni ta zaunar. Ban riƙe mai gabatarwar a zuciya ba, na ga alamar ba a faɗa masa ɗan fari ne ba.

4. Na ji an ce wasan ya yi na ɗaya, kuma ranar 29 ga wannan wata za a kai shi Katsina a ɗauke shi a bidiyo. In aka ɗauka a haka, shi ke nan, abin da 'ya'yansa za su tashi su gani ke nan, su ɗauka ubansu ne ya rubuta. Shi kuwa ba ya nan balle ya ce a'a.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, ya ba da umarni a mayar da ƙarshen wasan yadda mai shi ya bar shi, a kuma mayar wa yaron wasan sunansa, kafin ranar da aka tsayar. Saude ta san kowace kalma. In kuma kwamiti ya ga lalle sai da birgima za a ci gasar, to a cire sunan marigayin daga kan wasan, a sa na Malam Yasir, mun yafe kambin.

Na ba mai kawo wannan takarda ƙwaryar da ludayin, a ba Saude ta yi aiki da su. Ba sai an dawo mini da su ba. Ba ni da wanda zan kira da su yanzu.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya jiƙan namu da naku.

Taka mai biyayya,
Hansatu Sammani,
Wagini.