Na ga fasfon ƙanwata a cikin fayil ɗin gem

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, ka rufa min asiri, kada sunana ya fita. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar.

Ina da ɗan shago a unguwar Maamobi, ina loda wa mutane gem, wato wasannin kwamfuta. Masu sana'ar nan sun san halinmu, duk diraif ɗin ajiyar kwamfuta da ya shigo hannunka sai ka kwafe gem ɗin ciki ko ba ka tambaya ba. Makon jiya wani mutum ya kawo nasa in gyara, shi ke nema wa ƴan matan unguwa aikin gida a ƙasar waje, har ƙanwata Hajara. Na gyara, na kwafe gem ɗin ƙwallo ɗaya.

To fayil ɗin da gem ke ajiye kayansa a kulle yake zuwa, ko ka buɗe shirme za ka gani. Ni kuwa ina da manhajar da ke buɗe shi, don ina canja wa ƴan wasa riguna zuwa na ƙungiyar layinmu. Fayil ɗin mutumin ya yi nauyi da yawa, shegen son sani ya sa na buɗe. Chale, ƴan uwa, ba riga ba filin wasa a ciki. Hotunan fasfo ne na mata, kowacce da jakarta, wato folda mai sunanta, wasu da muryoyi. Na saurari uku, kuka suke suna roƙon a mayar musu da fasfonsu, a bar su su kira gida. Ɗaya ƴar Kotobabi ce, na san uwarta, kullum cewa take ƴarta na lafiya, aiki ne ya yi mata yawa. Jaka ta ƙarshe sunan Hajara ne, hoto kawai, babu murya tukuna.

Na ce wa Umma a fasa tafiyar, ban faɗi dalili ba. Ta ce baƙin ciki nake wa ƙanwata, Hajara ma ta daina gaishe ni. Shi kuma mutumin da ya zo karɓar diraif ɗinsa ya tambaya ko na kwafi wani abu, na rantse ban yi ba. Ya yi murmushi, ya ce ai ya san gidanmu, in gaida Umma.

Wallahi tsoro nake ji. In na kai wa ƴan sanda ko limaminmu, zai gane ni ne, ni kaɗai na taɓa diraif ɗin. In na yi shiru, Asabar jirginta zai tashi. Yanzu haka tana tsakar gida ana yi mata kitso. Wa zan fara nuna wa?