Iskar tayar motar Baba

Litinin, 4 ga Maris
Motar marigayi Baba ta tashi yau, bayan shekaru a ƙarƙashin tamfol. Mai Gilashi, wanda ke tara tsofaffin motoci, zai zo Asabar ya gwada ta. Sai na sayar. Ni da na taɓa sayar wa mai sanƙo mataji, wannan ce za ta gagare ni?

Talata, 5 ga Maris
Mai faci ya ce, "Nawa zan ba ta, maigida?" Takardar jikin ƙofa mai nuna awon iskar taya ta goge. Na ce arba'in, yadda nake ba motar kayana, taya mai tauri ta fi cika ido. Da na hau gargadar bayan kasuwa sai tsalle kamar ɗan akuya. Kaina ya daki rufi, madubi ya faɗo cinyata.

Laraba, 6 ga Maris
Na rage zuwa ashirin. Tayoyi sun yi tumbi, sitiyari sai ka ce ana kokawa. Mtsw.

Alhamis, 7 ga Maris
Inna ta leƙo ta taga. "Kai Sarkin Wayo, ubanka ba haka yake yi ba." Wai da sassafe, kafin taya ta ɗau zafi, yakan cika mata kofi da shayi, ta riƙe a kujerar gaba, su bi gargada. In ya zube a rage iska, in sitiyari ya yi nauyi a ƙara. Na ce Inna, wannan ai dabarar fita yawo da ke ce. Ta ce, "To da? Wa ka gado?"

Juma'a, 8 ga Maris
Na aro gejin auna iska, na sa mai faci ya ƙara wa tayoyin, na ɗauki Inna da kofinta. Shayi ya ɓata mata zani, na sha faɗa, na yi ta sauka ina ragewa. Gaba ashirin da shida, baya ashirin da takwas, ko ɗigo bai zube ba. Ta shanye, ta ce, "Ƙara zagaye ɗaya." Tun rasuwar Baba ba ta fita sai asibiti.

Asabar, 9 ga Maris
Mai Gilashi ya tuƙa, ya ce kamar a kan katifa. Sai na ji bakina yana cewa tayar baya tana sacewa, ba na sayar da kaya mai aibi. Ni! Ya cire gilashin ya kalle ni.
Dabarar kasuwa ce kawai, in ya jira zai ƙara kuɗi.
Na dai sayo geji nawa. Inna ta ce gobe a ƙara madara.