Idon Mugerwa Da Motarmu A Mpika

Mpika, ƙasar Zambiya

Zuwa ga yayata Nabukenya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da kowa na gidan Masaka. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Na ji 'yarki Zula ta fara jarrabawa, Allah ya ba ta sa'a. Ni da mijinki Mugerwa muna raye, babu wanda ya karye, ki fara riƙe wannan kafin ki karanta sauran. Ban kira ki ba ne saboda kullum yana kusa da ni, maganar kuma ba ta waya ba ce. Direban wata motar kaya da zai dawo Kampala na ba saƙon.

Mun fita daga tseren motocin nan na zuwa Cape Town, Yaya. Bayan mun tsallako iyaka a Nakonde muka shiga hanyar tsakuwa. Ina gefensa ina karanta masa hanya kamar kullum, na ce akwai ƙaramar gada, ya matsa dama. Ya ce ya ji. Amma turken siminti na hagu, wanda ko yaro zai hango daga nesa, shi ya tafi wa kai tsaye. Tayar gaba ta fita, ƙarfen da ke riƙe da ita ya lanƙwashe, lagireto ya fashe ruwa na tsiyaya. Motar gawayi ce ta ja mu zuwa Mpika, abokan tserenmu suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya.

A nan muka sami garejin wani dattijo, Kapembwa. Da ya leƙa ƙarƙashin motar sai ya yi dariya, ya ce ku mutanen Uganda, gadarmu ta zage ku ne? Babu irin ƙarfen a garin, sai dai a gasa namu a wuta a miƙe shi, lagireton kuma a yi masa walda. Mugerwa ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin motar tare da shi, yana lissafin inda za mu cim ma sauran idan aka gama da wuri. Matar Kapembwa tana kawo mana tuwon masara da busasshen kifi, mu ci da hannu baƙi ƙirin.

A ƙarƙashin motar na gane. Mugerwa ya ce in miƙo sifana, na miƙa ta hagunsa, tana dab da kuncinsa, shi kuwa yana ta faɗa, wai barci nake ko me. Na riƙe ta a wurin ban motsa ba. Sai da na zagayo ta dama ya karɓa. Da muka keɓe na tsare shi. Ya yi musu, ya zage ni, daga baya ya zauna a kan tsohuwar taya ya faɗa min gaskiya. Idon hagu ya rufe tun bayan ƙaramar Sallah, na dama ma ya fara hazo. Likita a Kampala ya hana shi tuƙi, shi ne ya ɓoye mana duka. Ya ce, Kasozi, ba kai ne idona ba? Ka karanta hanya kawai, sauran ka bar min. Ya ce wannan ne tserensa na ƙarshe, in bar shi ya ga teku a Cape Town da idon da ya rage, kuma in rantse ba zan gaya miki ba. Ban rantse ba.

Gyara ya yi kyau. Mota ta tashi, masu kallo suka yi tafi, Mugerwa ya rungume Kapembwa. Ni kuwa ina tuna mata masu ɗauke da itace da muke wucewa a bakin hanya, ta gefen hagu. Na je wurin likitan masu shirya tseren na faɗa masa. Ya gwada idonsa a gaban mutane, aka cire lambarmu ta tsere daga ƙofar mota. Mugerwa ya dube ni ya ce, na ɗauke ka tun kana wankin mota, yau ka yanka ni a gaban baƙi. Daga nan bai ƙara ce min komai ba. Ba ya cin abinci sai shayi. Yakan shiga motar ya zauna, hannu a kan sitiyari, inji a kashe.

Gobe za mu kamo hanyar gida a hankali, ni zan tuƙa. Ina roƙon ki nema masa ganin likitan ido kafin mu iso. Kada ki tarbe shi da faɗa ko kuka, abin da ke ransa ya ishe shi. Jiya da muka fito daga Juma'a akwai matakala a ƙofar masallaci. Ya tsaya, ya laluba da ƙafa, sai na ji hannunsa a kafaɗata. Bai sake ni ba har muka iso gareji.

Ki gaishe da Mama, da Kawu Bukenya, da Zula da ƙannenta. Ki ce wa matata Nansamba ina nan tafe. Ku sa mu a addu'a.

Naki ƙane,
Hamidu Kasozi