Na Ga Ɓaraka A Aikin 'Yar Kawuna, Zuciyata Ta Ce In Yi Shiru

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Ko mijina ban iya gaya wa maganar nan ba, don kunya.

Ni mai rubuta manhaja ce a wani ƙaramin kamfani da ke saman bene. Ɗaki ɗaya ne dogo, tebura a jere, kowa na jin tarin kowa. A nan nake aiki da 'yar kawuna. Ni na koya mata aikin nan a falonmu, da tsohuwar kwamfutata wadda sai an tokare murfinta da filo. Ni na kai ta wurin oga, na roƙa har aka ɗauke ta. To yanzu ita ce 'yar lele. Walƙiya suke kiranta, don kafin ka gama bayani ta gama aiki. Ni kuwa Tsaya-Tukuna, saboda kullum ni ce mai cewa a dakata a duba ko an bar wa masu kutse ƙofa. Ana dariya ina tayawa, amma wallahi abin yana ci na.

Nata aikin ana ganinsa: shafi ya yi kyau, yana buɗewa da sauri, oga sai yabo. Nawa kuwa idan ya yi kyau ba abin da ke faruwa, wa zai yaba? Har gida abin ya bi ni. Rannan dangi sun taru, kawu yana ta zagayawa da waya yana nuna hotonta, ni ina jera kujeru. Mahaifiyata da bakinta ta ce min ko zan roƙi ƙanwar tawa, 'yar kawu, ta ɗan koya min. Ni fa, Anti!

To ga inda matsalar take. An ba ta aikin manhajar wani asibiti, wadda marasa lafiya za su riƙa duba sakamakon gwajinsu a waya. Aikin da na daɗe ina sa rai. A ƙa'idarmu ba a sakin aikin kowa sai wani ya duba ya sa hannu, kuma ni aka ba dubawa. Da na shiga, sai na lura adireshin shafin yana ƙarewa da lambar majinyaci. Na canja lambar don in gani, sai ga sakamakon wani mutum daban. Wato manhajar tana tambayar kalmar sirri wajen shiga, amma da ka shiga ba ta ƙara tambaya ko fayil ɗin da ka nema naka ne. Yanzu bayanan wasa ne a ciki, amma an kusa ɗora na mutanen gaske.

Anti, da na gani daɗi na ji, ba zan ɓoye miki ba. Ita tana teburin gabana tana kaɗa kai da waƙa a kunne, ni ina murmushi ni kaɗai. Zuciyata tana ce min in sa hannu in yi gum. Ai asibitin za su kawo masu bincike na waje bayan an fara aiki, su gano, oga ya ga Walƙiyar tasa. Wani lokacin kuma in ce a'a, in bari sai ranar taro in tona a gaban kowa. Kuma ina son yarinyar nan, a bayana ta girma. Kishin ne ya hana ni sakat. Yaya zan yi?

Taki,
Tsaya-Tukuna

AMSA

'Yata, na gode da kika faɗi gaskiya. Ɓacin ranki yana da dalili. Kin koyar, kin kawo, an manta da ke, kuma maganar mahaifiyarki ko ni ce sai ta sosa min rai. Amma ki duba ɗaya ɓangaren. Ƙanwarki ba ta ƙwace miki komai ba, kuma irin wannan kuskure masu sauri da masu nawa duk suna yinsa. Shi ya sa aka ajiye mai dubawa. Idan kika sa hannu kina sane, ita kuskure ta yi, ke kuwa ganganci.

Na tambayi wani tsohon ma'aikaci a sana'arku, ya ce gyaran ba wuya: duk lokacin da aka nemi fayil, manhaja ta tabbatar daga can uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, cewa mai neman shi ne mai shi, kada ta yarda da lambar majinyacin da ta zo daga waya kawai. Ya ce tunda an sami wannan, ku duba guraben da ake rubuta suna, kada abin da mutum ya rubuta ya shiga rumbun bayanai a matsayin umarni, kuma kada a bar kalmar sirri a cikin rubutun manhajar.

Gobe da safe ki kira ta gefe ki nuna mata, ku gyara tare. Tonon silili a taro zai ba ki daɗin minti kaɗan, ya bar ku da gaba har cikin gida. Bayan haka ki rubuta abin da kika gano a rahotonki, da sunanki, ba ƙari ba ragi, don haƙƙinki ne. Sannan ki sami oga ki ce kina so a riƙa sa ki tun farkon aiki, kuma kina son babban aiki na gaba. Mai son a gan shi sai ya buɗe baki.

Batun jiran masu bincike kuwa, ki cire shi a ranki. Ba ki da tabbacin su za su riga kowa gani. A cikin mutanen da za a ɗora sunayensu akwai matar da ko 'yar uwarta ba ta gaya wa ciwon da ke damunta ba. Ba ta san ki ba, ba ta san ƙanwarki ba, ba ta yi muku komai ba. Yau sirrinta a hannunki yake, ke kaɗai.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya bar ku tare, ya sa a san darajarki.