Jaki da Raƙumi a Ofishinmu

Abijan, 9 ga Maris 1999

Zuwa ga yayata Zaliha,

Ina gaishe ki da Inna da yara. Yaya garin Tawa da zafi? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Maigidanmu ya sa ni da Hamisu ɗan Barmu, wanda na kawo garin nan, mu zaɓa wa kamfani tsarin da zai riƙe babbar kwamfuta, Linux ko FreeBSD, duka kyauta ne. Wata biyu ina gwada su. Muna cin tuwo na ce wa Hamisu Linux jaki ne, ba a rasa mai kora shi, ɗayan kuma raƙumi, ga juriya amma masu jan sa kaɗan ne. Washegari ya faɗi haka gaban maigida kamar daga kansa ya fito. Aka ɗauki jakin, aka ba Hamisu ofis da hutun Sallah.

Ba na baƙin ciki, Allah ya ƙara masa. Zai zo gida hutun, ki ba shi cuku ya kawo mini. In ya durƙusa gaishe da Inna, kada ki bari ta sa masa albarkar duka. A rage mini tawa.

Ƙanenki,
Ɗanlami