Abin da Ya Bi Takardar Zuwa Wurin Baffa

Yaya Sairusi,

Na fita kana barci, ina gidan Inna.

Takardar asalin gidanmu da za a kai zaman rabon fili, ɗazu na mayar da ita PDF a laftof ɗinka, na tura wa Baffa Epeli. Ashe rubutun da ka yi a gefe bai ɓace ba, ya bi ta. Har da inda ka ce shi ɗan riƙo ne, ba jinin Kaka ba.

Ka yafe mini. Kada ka wahala da gogewa, bakin alƙalami ya bushe.

Baffa ya kira, ko murya bai ɗaga ba. Na ce za mu kawo saiwar kava, wadda a al'adarmu ake kaiwa neman gafara, mu ba da haƙuri. Ya ce mu bar kavarmu, shi zai zo. Jirgin ruwansa ƙarfe biyu yake isowa.

Vilimaina