Atishawa a Kan Dutsen Kwatarkwashi

Zuwa ga Yayana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina sanar da kai cewa damina huɗu ke nan rabona da gida. Daga Fatakwal nake rubuto maka, inda nake tuƙa motar raba ruwan leda. A ƙa'idar wasiƙa, nan ne zan ce ina fatan kana lafiya kamar yadda nake. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Ni ɗin ba wata lafiya ce da ni ba, kai kuwa ban san a wace duniya zan aika maka fatan ba.

Ban san inda zan kai takardar nan ba, shi ya sa na sa ta a inda kowa zai gani a wayarsa. Wataƙila wani ya san wani da ya san inda kake.

Tun ranar da aka tare motarka a hanyar Tsafe, aka shiga daji da kai da fasinjojinka, ba mu sake jin magana ɗaya tsayayya a kanka ba. Wasu daga cikinsu sun dawo. Ɗaya ya ce ya baro ka da rai, kana ɗingishi. Wani ya ce shi dai ya ji an ce, ya kasa ƙarasawa. Gonarmu ta Wanke ta tafi wajen nemanka, muryar da ke kiranmu a waya ta karɓa, ta yi shiru. Da shekara ta zagayo na ga ba zan iya riƙe gida biyu daga Gusau ba, sai na yo kudu.

Shekaranjiya Kawu Garba ya kira ni. Ya fara da tambayar da kowa ke farawa da ita, wai me na tara a zaman nan. Sannan ya zo kan maganar. Iyayen matarka Hauwa sun sake zuwa, cikin ladabi. Suna so a je gaban alƙali ranar Litinin a warware mata igiyar aurenka. An ce wa'adin da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓace ya cika, amma ana son jin bakin danginka. Inna ta ce ita ba ta da baki, a tambayi Sani. Ni ke nan, Yaya. Ni da ko takalmi ban taɓa saya ba sai na nuna maka.

A tsakiyar maganar Kawu ya ce "marigayi". Ya yi tari, ya ce Lawali yake nufi. Da zai ajiye waya kuma ya ce Allah ya jiƙanka, ya tsaya yana jiran in amsa. Na ce masa ba na ji sosai.

Abin da ya ɗaure min kai, da na kashe wayar ba Hauwa ce ta faɗo min a rai ba, ba kuma Inna ba. Kajin dutse na tuna.

Ka tuna kakar nan da ka ajiye lodi a tasha, ka ce in shirya mu tafi dutse? Lokacin hanya hanya ce, mutum na iya kwana inda dare ya riske shi. 'Yan tasha suna kiranka direban tsuntsaye, don an sha kama ka ka taka birki da fasinja cike da mota saboda ka hango wani abu a kan waya. Yanzu an ce su ne ke cewa dama kai mutumin Allah ne. Ba zan ce komai ba. Su ma kowannensu da wanda ya rasa a hanyar nan.

Inna tana bakin murhu ta ce, "Maza biyu da gemu, za su tai kallon tsuntsu." Hauwa, tana amarya lokacin, ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da garin rogo da ganyen shayi, ta ce, "Ku zo min da furen dutsen, in ga ko ya kai a bar gida saboda shi."

Daga gidanmu na Damba zuwa Tsafe ba wata tafiya ba ce, amma hantsi ya fito ya wuce muna hanya. Kowane lokaci sai ka gangara gefen titi, ka zaro madubin hangen nesan nan mai ido ɗaya da ka saya wajen 'yan gwangwan. Ka nuna min mulufi a kan karan dawa, ja kamar garwashi, yana kumbura wuya. Ka nuna min cilakowa tana tashi tana faɗuwa a iska kamar mota mai shan mai da ruwa. Ni a lokacin yunwa nake ji, kuma na faɗa maka.

A Tsafe muka sayi rake da burodi, muka zauna inda muke hango duwatsun garin. Shamuwa sun taru a kan wata tsamiya, damina ta ƙare suna haramar tafiya. Ka ce, "Waɗanga ba su sallama, amma suna dawowa." Na tsani maganar nan yanzu, Yaya. Kai dai kan tsuntsu ka yi ta, ka tofar da ɓawon rake, ka manta. Ni ne ta zame wa ƙaya. Duk farkon damina sai in kira Inna in tambaye ta ko shamuwa sun iso, ta ce sun iso, sai mu yi sallama.

Da la'asar muka juyo zuwa Kwatarkwashi. Muka je gaishe da mai unguwa don neman izinin kwana a gindin dutse. Ya ɗauka masu neman zinari ne. Da ka ce a'a, ya ɗauka masu neman asiri ne. Da ka ce tsuntsaye muka zo kallo, sai ya dube ni da tausayi, ya ce Allah ya ba ka lafiya, ya sa aka kawo mana fura.

Muka ɗaure tamfol daga ƙofar mota zuwa reshen bishiya, muka shimfiɗa tabarma, ka kunna risho. Kafin magariba wani babban tsuntsu ya yi ta kewaya saman dutsen ba ya ko kaɗa fiffike. Ka ce mikiya ce. Na ce ungulu ce. Muka yi ta musu har shayi ya ƙone. Yau idan na rufe ido, wani lokaci mikiya nake gani, wani lokaci ungulu. Har abin da na gani da idona ya fara yi min gardama.

Muna sallame asuba muka fara hawa. Dutsen da sanyi, raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando. Ban taɓa sanin dutse yana fure haka ba. Yaryaɗi ya bi tsagar dutse da furensa ruwan hoda, bakinsa a buɗe. Kalankuwa ta rufe wani kwari gaba ɗaya, rawaya har iyakar gani. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin fure shuɗi, bai kai ƙumbar yatsa ba, da ka durƙusa ka daɗe a kansa. Ka ce ba ka san sunansa ba, za ka tambayi Inna. Ban sani ba ko ka tambaya.

Kajin dutse ka zo nema. Ka ce ka sha jin kukansu daga titi, ba ka taɓa ganinsu da kyau ba, don tsoro ne da su. Muka kwanta rub da ciki a cikin kalankuwa, ka ce ko numfashi in yi shi da dabara. Tururuwa ta shiga rigata. Ƙafata ta yi tsami. Rana ta fara leƙowa. Sai muka ji fito siriri yana hawa, wani ya amsa, wani ya amsa. Suka fito daga ƙarƙashin wani falalen dutse, ƙanana, ruwan ƙasa, jela a ɗage, ja a gefen ido, suna tafe ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa gaisuwa. A nan, Yaya, yunwa ta sake ni. Na gane abin da kake taka birki dominsa. Na miƙa hannu a hankali in karɓi madubin.

Sai ka yi atishawa.

Ba ƙarama ba, irin taka mai tayar da akuya. Garin furen ne ya shige maka hanci. Dutsen ya amsa, kajin suka watse kamar an watsa tsakuwa. Ka ce alhamdulillahi, kamar yadda aka koya mana. Ni kuma maimakon in ce yarhamukallahu, don haushi sai na juya maka shi da Hausa, na ce Allah ya jiƙanka.

Ka zaro ido ka ce, "Kai Sani, kashe ni za ka yi saboda kaza?" Ka yi dariya har da hawaye, fure maƙale a gemunka. Da ka nutsu ka share fuska, ka ce, "To amin. Mai rai ma ya hi bukata."

Ba mu sake ganinsu ba ranar. Muka sauko, ka tsinko wa Hauwa kalankuwa, kafin mu kai Damba ta yi yaushi a kan kujerar baya. Ta juya ta a hannu, ta ce, "Wannan ce?" Amma ta sa ta a kofi. Ka ce baɗi sai Bungudu, bakin gulbi, mu ga zalɓe da gauraka. Baɗin ta zo hanya ta fara lalacewa, muka ɗaga. Muka sake ɗagawa.

Kwana biyu ke nan ina juya wannan safiya a raina, ina raba ruwa a unguwannin da ban san sunan ko tsuntsu ɗaya nasu ba. Jiya na wuce shagon da zan sauke kaya, sai da mai shagon ya biyo ni da ihu. Ban san me ya sa wannan ce ta zo min ba. Ban sani ba ko amsa ce, ko kuwa ni ne na gaji nake neman inda zan raɓe.

Ga dai inda na tsaya. Shekarun nan duk na ƙi cewa amin idan an ce Allah ya jiƙanka, don ina ganin ranar da na faɗa, ni na binne ka. Na yi faɗa da liman a kan haka. Na daina kiran abokanka. Ashe addu'ar da muke yi wa wanda ya yi atishawa ita ce muke yi wa wanda ya kwanta dama, harshe ne kawai ya bambanta. Mu ne muka ware ta Hausar muka ajiye wa makabarta. Kai kuwa ka karɓe ta kana kwance cikin fure, lafiyarka ƙalau.

Maganar Hauwa ita ce mai nauyi. Na so in ji haushinta, na nema, ban samu ba. Ta zauna a ɗakin nan na Damba tana share shi, ba goyo a bayanta, ba kabarin da za a nuna mata, ba takaba, ba miji. Ita ke kai Inna asibiti. Ni da nake ɗan'uwanka na jini ban iya zaman ba, na taho. Da wane baki zan ce ta ƙara?

Gobe zan kira Kawu in ce a je. Ban sani ba ko daidai ne. In kana raye, wataƙila na cuce ka cutar da 'yan daji ba su yi maka ba. In ka rasu, to mun riƙe 'yar mutane a banza. Ko ta ina na juya sai in ga akwai wanda na zalunta. Amma in Allah ya dawo da kai ka tarar da ita a gidan wani, ni za ka kama, kada ka ga laifinta, kada ka ga na Inna. Abu ɗaya zan roƙi Kawu: kada a sake cewa marigayi a gabana. Wanda ya ga gawa ya faɗa. Ni ban gani ba.

Allah ya jiƙanka, Yayana. In kana daji, ya jiƙanka da inuwa da ruwan sha da zuciyar da za ta tausaya maka, ya buɗe maka hanyar gida. In kana ƙasa, ya jiƙanka da haske da yalwa, ya sa ka huta. Shi ya san wacce ce taka, ni na aika duka biyun. Allah ya ba Hauwa miji mai haƙuri, ya sanyaya zuciyar Inna, ya mayar mana da hanyoyinmu yadda mutum zai tsaya a gefen titi don tsuntsu kawai.

Ƙanenka da bai ga kajin da kyau ba,
Sani.

Af, tambayar Kawu. Ban ba shi amsa ba, kai zan ba. Abin da na tara: madubinka mai ido ɗaya, yana cikin jakata. Sunan tsuntsaye takwas. Sunan fure biyu, na ukun har yau babu. Sai amin guda ɗaya, wadda ka faɗa da bakinka.